Ɗurin da Kakana Ya Bari

Ƙamshin man kaɗe da na tsohon ƙarfe ne suka tarbe ni a ɗakin Kakana da safiyar nan, sai kuma wani wari siriri a ƙarƙashinsu, kamar na ashanar da aka ƙyasta ta mutu. Warin albarushi ke nan. Na san shi tun ina ƙarama, domin a jikin rigunan Kakana yake zama ko an wanke su. Mai rigunan ya rasu, har an yi sadakar arba'in ɗinsa, amma ɗakin kamar bai samu labari ba tukuna.

Bindigarsa tana nan inda take kullum, a kwance bisa ƙahonin barewa da aka kafe a bango. Doguwa ce, lokacin da nake firamare ta fi ni tsawo. Kakan babana ne ya sayo bututunta a kasuwar Shinkafi, maƙerin garinmu ya haɗa ta, aka sassaƙa mata gindi da itacen kanya. Hannaye sun goge gindin nan har ya yi santsi kamar tsohuwar ƙwarya. Irin wadda ake ɗurawa ta baki ce: a zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba gutsattsarin ƙarfe, a sake tura tsumma a danne da sanda. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura ta.

Ni a Kaura Namoda na tashi, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda babana ke koyarwa a makarantar sakandare. Hutu ne yake kai ni garinmu, wani ɗan ƙauye tsakanin Zurmi da Shinkafi wanda ba kowace mota ke sanin hanyarsa ba. Kakana maharbi ne, ubansa ma haka. Da sassafe yakan riƙe hannuna mu gangara bakin rafi, ya nuna mini abin da aka rubuta a kan yashi kafin mu tashi: nan gada ta sha ruwa, nan zomo ya tsaya ya saurara, nan fakara ta bi da 'ya'yanta a jere. Ina ganin wannan shi ne karatun da na fara so, kafin na littafi. Bindigar dai bai taɓa bari na taɓa ta ba. Babana kuwa, wanda shi ne ɗan fari, tun yana yaro aka kai shi boko, rabonsa da bin ubansa daji tun kafin ya fara gemu.

Daga baya daji ya sake hannu. A garinmu ba a kiran sunansu, sai dai a ce mutanen daji, shi ma a hankali. Sun aiko wa ƙauyukan yankin cewa duk garin da aka ji ƙarar bindiga a cikinsa, sun ɗauka ya shirya faɗa da su ne. Ba wanda ya ɗauki maganar da wasa. Akwai wani ƙauye a arewa da mu inda wani ya harbi birai a gonarsa. Na taɓa wucewa ta wurin daga baya, a bayan babur, ban ga kowa ba sai bishiyar kuka da rijiya da katangu marasa jinka.

Wata rana da hantsi, tun Kakana yana da ƙarfinsa, aka ji rugugin babura sun nufo gari. Ya shiga ɗaki ya ɗura bindigarsa, ya zauna a zaure da ita bisa cinya. Baburan suka ratsa ta bayan gari suka wuce, ba su tsaya ba. Shi ke nan ɗurin ya zauna a cikinta, don babu inda zai harba. Damina ta wuce a kansa, rani ya wuce, ciwo ya kwantar da Kakana, ya rasu ya bar ta a ɗure.

Wannan ɗurin ne ya kawo Sarkin Baka gidanmu a safiyar da nake faɗa. Shi ne shugaban maharban garin, abokin Kakana tun na ƙuruciya, ɗan gajeren tsoho mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Da ya gan ni a ƙofar ɗakin sai ya washe baki, ya ce ai ya zo rabon gado ne.

"Bindiga ta ubanki ce," in ji shi. "Ke kuwa, amaryar abokina, ni na gaje ki."

Na ce masa sai ya sa haƙora tukuna mu yi magana. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya zauna a tabarma, ya sa aka kira babana, dariyar ta ɗauke.

A al'adar maharbanmu, in maharbi ya mutu ya bar bindiga, magajinsa ne zai tsaya a gaban mutane ya harba ta sama. In mamacin ya bar ɗuri a ciki, to wannan ɗurin za a harba, ba a tone shi, ba a ɓata shi. Sai an yi haka ake cewa bindiga ta san sabon mai ita. A da, ranar biki ce. Maharban ƙauyuka sukan zo da ƙahonsu na busa, in magaji ya harba su amsa masa da nasu, mata su yi guɗa, yara su bi hayaƙi suna shaƙa.

Babana ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce shi yana ganin a kafa bindigar a tsaye, a ɗura mata ruwa ta baki ya kwana, albarushin ya mutu, kowa ya huta. Ya ce ba don kansa yake faɗa ba, shi gobe ko jibi zai koma Kaura, amma garin nan akwai mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su da inda za su.

Inna, wato mahaifiyar babana, tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai mutane. In tana da abin faɗa masa sai ta bi ta kaina, ko da yana zaune a gabanta.

"Ke ɗiyar nan, hwaɗa ma ubanki," ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "abin da mutum ya ɗura da hannunai, ba a jiƙa shi kamar tsaki. In ba ya iyawa, shi bar ta rataye har ni ma in bi mai ita."

Ban maimaita ba, ai ya ji. Ya ce da Sarkin Baka to a bar ta a rataye. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce bindiga a bango yanzu ta fi maciji a ɗaki haɗari, duk ranar da mutanen daji suka shigo suka gan ta, gidan nan ya shiga uku. Dole a ɓoye ta. Ba a kuwa binne bindiga da ɗuri, ko a tura ta cikin rumbu, zafi kaɗai ya isa ya tayar da ita. Tonowa da ƙarfe kuma, ya san mutumin da ya gwada a Jangeru, yatsunsa biyu kawai suka rage a hannun.

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can Sarkin Baka ya miƙa haɓa wajen gabas, inda wani farin gajimare ya fara tara kansa.

"Malam na boko," ya ce, "akwai ƙarar da ta hi ta bindigar ubanka, kuma ba wanda ya isa ya aika mata da gargaɗi. Mu jira tsawa."

Haka muka shiga jiran hadari. Farkon damina ne, an yi shuka, gero ya fara fitar da kunne. Kowace yamma sama takan haɗe, iska ta taso da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari, mu fito tsakar gida muna kallo, sai kuma ta watse. A rayuwata ban taɓa tsoron gajimare ba sai a kwanakin nan. Ni da nake zama a tagar ɗakinmu a Kaura ina rubuta wa ruwan sama baitoci a bayan littafin makaranta, sai ga ni ina roƙon Allah a zuci ya kai shi Zurmi, ya kai shi Nijar, ya kai shi ko'ina. In na tuna geron mutane kuma sai kunya ta kama ni.

Garin duka ya san abin da ake jira. Mata sukan shigo gaida Inna, idonsu na kan ƙofar ɗakin Kakana. Mai gari ya aiko a gaya wa babana cewa shi bai hana ba, bai kuma ce a yi ba, amma don Allah a dubi Allah. Akwai wani suri a bayan masallaci inda waya ke kamawa. In na hau na kira mahaifiyata, ba ta tambayar komai sai yaushe za mu dawo. Babana ya rage cin abinci. Wata rana na leƙa ɗakin Kakana na same shi a tsaye gaban bindigar, hannuwansa a baya, kamar ɗalibin da aka kira ofis.

Ranar da abin ya zo, bayan la'asar ne. Gabas ta yi baƙi ƙirin, baƙin da ke da shuɗi a cikinsa. Kaji suka shige akurki da kansu. Iska ta kwashe faifan Inna ta kai shi bakin zaure, sai ga Sarkin Baka ya shigo yana ɗingishi da sauri, ya ce a fito da ita.

A bayan gida muka tsaya, tsakanin rumbuna da tsamiya, inda katanga ta kare mu daga hanya. Tsohon ya kankare kan ashana ya zuba garin a ɗan ramin da kunamar bindiga ke sara, ya ɗana ta, ya miƙa wa babana. An fara yayyafi. Ya ce in ɗigo ɗaya ya faɗa ramin nan aikin ya lalace, sai an samu mai riƙe malfa a kai. Ya waiga hagu da dama. Samarin gidanmu duk sun tafi, wasu Gusau, wasu Kaura, wasu sun tsallaka iyaka. Ba kowa sai ni. A ƙa'idarsu mace ba ta tsayawa kusa da bindigar da aka ɗana.

"Yau dai bindiga ta yi haƙuri," in ji shi. "Zo nan, amarya. Riƙe malhwar mijinki na hwari, kar ki motsa ko mi kinka ji."

Na riƙe malfar Kakana da hannu biyu a saman kunamar. Kusancin ya sa ina jin numfashin babana. Ya cire tabarau ya sa a aljihu saboda ruwa, fuskarsa ta koma wata iri, kamar ta yaro. Ya ɗaga bakin bindigar sama. Inna tana tsaye can jikin rumbu da zane a ka, ba ta kallon ɗanta, tsamiya take kallo.

Sarkin Baka ya ce kada a bi walƙiya, walƙiya ba ta da murya. A jira tsawa ta buɗe baki sosai. Ta farko ta zo daga nesa, ya ce a bar ta, ƙarama ce. Ta biyu ma haka. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Sai sama ta tsage fari fat, har na ga jijiyoyin ganyen tsamiya ɗaya bayan ɗaya. Tsawar ta faɗo a kanmu kamar an kifar da dutse.

"Sake ta," in ji Sarkin Baka.

Babana ya yi bismilla ya ja. Kunama ta sara, ƙyas. Ba abin da ya biyo baya.

Wani siririn hayaƙi ya fito daga ramin, ya taru a ƙarƙashin malfar, yana wani ɗan huci kamar ruwa a kan garwashi. Babana ya fara sauke bindigar don ya duba, tsohon ya cafke gwiwar hannunsa ya mayar da ita sama.

"Riƙe. Tana tahe. Albarushin ya tsuhwa, ya sha sanyi. Riƙe, ɗana."

Ban taɓa jin ya kira shi ɗana ba sai ran nan. Muka tsaya mu uku a manne, muna jin tsawar tana birgima tana nisa, ta nufi yamma, tana ƙanƙancewa, har ta zama kamar gurnani a cikin wani gari. Iska ta kwanta. Yayyafin ma ya ɗauke, irin ɗaukewar da yake yi kafin ruwa mai ƙarfi ya sauko. Duniya ta yi tsit, har ina jin kukan wani ɗan akuya a gidan maƙwabta.

A cikin wannan shirun bindigar ta tashi.

Ban san ƙara tana da nauyi ba sai lokacin. Ta buge ni a ƙirji. Babana ya faɗi zaune cikin taɓo, gefen malfar ya babbake a hannuna, hayaƙi fari ya lulluɓe mu. Na ji ƙarar ta fita ta bi ta kan gonaki, tsirara, ba abin da ya rufe ta, ta je ta daki duwatsun da ke bakin daji ta dawo mana. Ko jariri ya san wannan ba tsawa ba ce. Ɗan akuyan ya yi shiru. A duk garin ba wanda ya yi magana, ba wanda ya leƙo. Sannan ruwa ya ɓarke.

Sarkin Baka ya ɗauki bindigar daga taɓo ya goge ta da bakin rigarsa, a tsanake, kamar ba abin da ya faru. Ya sa babana ya miƙe. Ya miƙa masa ita da hannu biyu, ya faɗi abin da ake faɗa: ta kakanka ce, ta ubanka ce, yau taka ce, ba a nuna ma ɗan Adam ita, ba a harbin mai ciki, ba a cin naman a hana maƙwabci. Babana ya karɓa.

"Baba," ya ce, "an ji?"

"Wa za ya ji? Ni da ke tsaye nan ban ji komi ba."

Ya nuna kurman kunnensa. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Inna ta juya ta shige gida. Da na bi ta na same ta durƙushe gaban murhu tana hura wutar da ke ci sarai.

Washegari gari ya waye a wanke, sama shuɗiya, gero ya ƙara tsawo. Da wani lokaci ne da na ce ban taɓa ganin safiya mai kyanta ba. Amma kunnuwanmu duka suna daji. Da mai injin niƙa ya tayar da injinsa, wata mata da ta shigo ɗibar wuta ta saki kaskon ya fashe. Maza ba su je gona mai nisa ba. Aka shafe bindigar da man kaɗe, aka naɗe ta a fatar sa, aka kwashe dawar rumbun Inna aka kwantar da ita a ƙasa aka mayar da dawar.

Babana ya ce ba zai tafi ba. Shi ya harba, in an zo tambaya shi ya kamata a samu. Sarkin Baka ya zaunar da shi a zaure ya yi masa faɗa kamar yaro. Ya ce malamin gwamnati da budurwar ɗiya a ƙauye irin wannan, su ne ma abin da zai jawo mutanen daji, ba ƙarar da ruwa ya riga ya wanke ba. Ya ce in yana son garin da alheri ya kwashe tabaraunsa ya koma wajen allonsa. Inna ta ce in faɗa wa ubana ya ji maganar manya. Ita kuwa ba inda za ta sai ta ga geronta a rumbu.

Muka hau kabu-kabu zuwa Zurmi. Duk inda sabara ta yi duhu a bakin hanya sai in rufe ido. Ina jin warin albarushi a mayafina har muka shiga mota, ina ta tsoron kada na kusa da ni ya ji. Da muka hango gidajen Kaura da kekunan haya suna kai da kawowa, sai kuka ya zo mini, na rasa dalilin da ya sa bai zo tun jiya ba.

Kullum babana sai ya kira garin. In aka dace wani yana kan suri, amsar ɗaya ce: lafiya lau, ba abin da ya faru, ana ta noma. Sannu a hankali muka yarda cewa ruwan ya rufa mana asiri. Bayan girbi Inna ta dawo wurinmu da zama, da buhunan geronta da tukunyarta, ta bar dawar a rumbu yadda take. Babana bai sake zuwa farauta ba, ba na jin zai je. Amma na lura in ana hirar maharba yakan gyara zama, ya ce shi ma yana da bindiga a gida. Da labarin rasuwar Sarkin Baka ya zo, hanya ba ta biyuwa, daga nesa muka yi masa addu'a.

Na gama makaranta, na fara aiki. Wata rana na je suna a wata unguwa a bayan kasuwar hatsi, inda mutanen ƙauyukanmu da yawa suka dawo da zama. Ina cikin mata sai wata ta kama hannuna, ta ce ba ni ce jikar wane ba. 'Yar Sarkin Baka ce, ta fari. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ban samu yi ba, na ce har yau ina tuna barkwancinsa. Ta ce ai bai daina ba har ƙarshe, ko bayan abin da ya same shi. Na tambaye ta wane abu. Ta dube ni, ta ga da gaske ban sani ba, sai ta ja ni gefe.

Ta ce bayan tafiyarmu da kwana biyu mutanen daji suka zo, da rana tsaka. Suka tara mazan garin a gindin tsamiya suka tambayi mai bindigar da ta yi ƙara. Babanta ya miƙe ya ce tasa ce, biri ya harba, tsufa ya sa ya manta da doka. Ya shiga gida ya ɗauko tasa, wadda ya gada wurin ubansa, ya ba su. Da gindinta suka doke shi a gaban mutane, sannan suka tafi da ita. Shi ya hana a gaya mana, Inna ma ta ce kada wanda ya kai wa ɗanta labari. Hannunsa na dama bai sake miƙewa ba. Har ya rasu da hagu yake cin tuwo.